Mun Kai wa Marigayiya Faifanta

Ana sallame sallar asuba muka nufi tasha, ni da wani abokina mai gyaran rediyo. Shi yana rungume da garmaho mai batir, ni kuma na naɗe faifai guda a zanen matata na manna a ƙirji. Raina a ɓace na baro Fagge, kuma gara in gaya muku dalili tun kafin mu hau mota.

Inna Azumi maƙwabciyarmu ce ina yaro, tuwonta na ci na girma. A zamaninta ita ke waƙa da 'yan kiɗan jaz na Sabon Gari, masu ƙaho da jita, cikin Hausa tsantsa, har aka ɗauki muryarta a ƙananan fayafayai. Daga baya ta bar waƙa ta koma garinsu Toranke. To, kwanan nan wani kamfani ya tattara waƙoƙin ya sake buga su a babban faifai, da hotonta a bango. A ƙarƙashin hoton aka rubuta wai "marigayiya". Matar da ta aiko mini da daddawa da kakar nan!

Tun a tasha muka fara rigima da kwandasta. Wai in kawo faifan ya ɗora a sama tare da buhunan gishiri. Na ce masa rana ɗaya za ta lanƙwasa shi kamar gurasa, ya bar ni da kayana. Mun wuce Wudil, muka isa Gaya da hantsi, muka karya da koko da ƙosai. Har yanzu sabon kuɗin nan na naira bai zauna a bakin mutane ba: mai ƙosai tana cewa sule, direba yana cewa kwabo goma, kowa na ganin ɗan'uwansa zai cuce shi.

Daga Gaya zuwa Ajingi kuwa, Allah ya kyauta. Yashi ya riƙe motar, muka sauka muka tura, wani mai babbar riga ya zauna abinsa a ciki wai yana mana addu'a. Gonakin gyaɗa duk fari ya taɓa su, abin tausayi. A kasuwar Ajingi wata Bafulatana ta dama mana fura da nono mai kauri, wadda ta ɗan sauke mini zafin rai. Daga nan muka yi hayar kekuna zuwa Toranke.

A zaure muka tarar da ɗanta na fari, Malam Habu, wanda shi ne ladanin garin. Ya shigar da mu. Ga Inna nan zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa, garau da ita. Ko gaisuwa ban gama ba na hau faɗa, na ce sai na je har ofishin kamfanin nan na ji wanda ya kashe ta da ranta. Ina ta kumfar baki, sai na lura Malam Habu ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ni ne," in ji shi. "Bara wani daga kamfanin ya zo da mota yana nemanta, na ce masa ta rasu. Ni ladani ne. Ya za a yi a ce ga muryar uwata can ana rawa da ita a Sabon Gari?"

Haba! Da waƙar nan ta ciyar da shi, da ita ta saya masa allo da tawada, yau ita ce abin kunya? Inna ba ta ko dube shi ba. Kun san ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ta kakkaɓe hannu kawai ta ce, "A kunna."

Abokina ya ɗora allura. Ƙaho ya fara, sannan muryarta ta shigo, ƙasa-ƙasa, tana jan ƙarshen kowane baiti har sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Matan maƙwabta suka cika tsakar gida, wasu ba su taɓa sanin ta yi waƙa ba. Ita kuwa ta lumshe ido tana ɗan buga ƙwarya da yatsa. Da mai ƙahon ya yi wani salo, ta ce, "Allah ya jiƙansa, shi kam ya rasu da gaske."

Ana cikin haka la'asar ta yi, Malam Habu ya zame ya fita. Da aka soma kiran salla ta ɗaga hannu, aka ɗauke allura. Abokina ya dube ni, na dube shi. Muryar da muka kashe yanzu ita ce ke fitowa daga masallaci, har jan ƙarshen nan iri ɗaya.

Da aka gama, Inna ta juyo gare ni. "Ɗan nan, in wancan ya dawo ka tambayar mini shi. Muryar da yake kiran salla da ita, a wace kasuwa ya saye ta?"

Na tambaye shi kuwa, a gaban kowa, ban rage ko kalma ba. Sai ga hawaye a idonsa.

Washegari muka bar mata garmahon da faifan, muka kamo hanya, muka iso Kano da yamma jiki duk ciwo. Na tafi da fushin baƙi waɗanda ba su san ta ba, ashe a zauren gidanta aka binne ta, kuma har yanzu ban huce ba. Kamfanin dai zan je. Amma ba ni kaɗai ba, don na ce wa Malam Habu ya shirya ya zo Kano. Da bakinsa ya kashe ta, da bakinsa zai gaya musu uwarsa tana nan da ranta.