Lambar Ƙafata ta Hagu

Shekarar da aka katse layukan waya a Zamfara, a tsakiyar kaka, tayar amalanke ta bi ta kan ƙafata ta hagu a gonarmu ta bayan Anka. Ƙanena ya kai ni wurin maɗori, kamar yadda kowa ke yi. Ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karare. Kwana goma sha biyu ƙafar na kumbura, har fatar tsakanin yatsu ta fara wari.

Ni maigadin makarantar firamare ne, ana cire mini kuɗin asusun lafiya daga albashi, saboda haka ina da kati. Kafin mu tafi asibiti ƙanena ya kwance kararen, ya wanke ƙafar da ruwan ɗumi.

"Kada ka ce mun je ɗori," in ji shi. "Faɗa za su yi, su bar ka kan benci."

Likitan ƙashi sau ɗaya yake zuwa a mako biyu, ranar Alhamis. Mu Asabar muka je. A tagar asusu akwai wata mata mai tabarau, ita ke cika takardar neman izinin asusu kafin a yi wa mutum aiki.

"Baba, yaushe ka karye?"

"Shekaranjiya."

Ta duba wani littafi mai kauri, ta rubuta lamba. Ta ce kowace irin karaya da lambarta, kowane irin aiki da tasa, kuma abin da lambar ta faɗa shi asusu ke biya. Da can waya take yi, izini ya zo kafin azahar. Yanzu sai an ba direba takarda ya kai Gusau, inda aka mayar da layi.

A lokacin ina ajin yaƙi da jahilci na bayan la'asar. Turanci ban iya ba, amma harafi da lamba ina kwafe su. Na roƙe ta, na kwafe tawa a bayan littafin ajina.

Izini ya zo Laraba. Alhamis likita ya ɗaga hoton ƙashin ƙafar da aka ɗauka zuwa haske, ya daɗe yana kallo.

"Malam, wannan ba karayar mako ɗaya ba ce. Wa ya ɗora ka?"

Ya ce ƙasusuwa uku na tsakiyar ƙafa sun fara haɗuwa a karkace, sai an buɗe an sa ƙarfe, kuma yau ya kamata a yi. Ya rubuta lambar aikin a katina ya tura ni taga.

A kan benci na buɗe littafina, na bi abin da ya rubuta da yatsa ina gwadawa da lambar da na kwafe. Harafin farko ma daban ne. Na sake dubawa sau uku, ko ni ne ban iya ba.

"Hajiya, lambobin nan ba su yi kama ba."

Ta karɓa ta duba, ta cire tabarau.

"Izinin da muka samu na ɗaurin siminti ne, na sabuwar karaya. Wannan tsohuwa ce, ta tiyata. Ba za a fitar da ƙarfe daga sito da wancan izini ba. Baba, kwana nawa ne, tsakaninka da Allah?"

"Yau goma sha bakwai."

"Da ka faɗa mini, da wannan na nema tun Asabar. Rabin mutanen bencin nan daga ɗori suke. Wa na kora?"

Ƙanena ya tambayi kuɗin aikin in mu za mu biya. Da ta faɗa, ya dubi ƙasa. An rufe kasuwannin dabbobi, ko mun so sayar da sa babu inda za a kai shi. Ta cika sabuwar takarda, na kwafe sabuwar lambar a littafina, direba kuwa ya riga ya tafi. Likita ya tsaya har la'asar, sannan ya bar umarnin a kwantar da ni ana wanke ciwon, ana allura.

Kowace safiya nakan ɗaga zane in dubi yatsu. Ƙaramin ne ya fara baƙi, sai na kusa da shi. Izini ya zo Talata, lambar daidai da ta littafina harafi da harafi. Likita sai Alhamis ta sama.

An yi aikin, ƙafar ta tsaya, ina takawa da ɗan ɗingishi. Na rasa yatsu biyu, da kwana arba'in na aji, da geron gonar gabas da ba a yanke ba har tsuntsu ya gama da shi.