Batirin jirgin Kawu Idi

"Ɗaga wanga mu gani," in ji Kawu Idi, yana nuna mini wani ƙaton batiri a wani butik cikin kasuwar Maraɗi.

Kawuna masunci ne. Satin da ya wuce batirin ɗan injin jirginsa ya mutu a tsakiyar tafkin Madarumfa, sai da faifan tukunya ya tuƙo kansa zuwa gaɓa. Matarsa Inna Haule ta rantse in aka kuma, za ta faskara jirgin ta dafa tuwo da shi.

Mai butik ya ce, "Baba, na mota ya hi sauƙin ɗauka, amma ƙarfinshi na tashin farko ne. Na sola nauyi gare shi, sai dai yana wuni yana aiki."

Kawu ya ce, "Ba ni mai nauyin. Ruwa ka ɗaukar shi, ba ni ba."

Ashe ni ne ruwan! Ni na goyo batirin a babur har gidan Kawu a Jiratawa, Kawu yana bayana yana mini waƙa. Har yanzu ƙuguna bai dawo daidai ba.

Jama'a, ku ma haka kawunnanku suke, ko nawa ne na musamman?