Saniyar da Ba Ta da Tozo

A Ceberu ta ƙasar Gwandu, in aka ce kindirmo, Goggo Dije ake nufi. Tun tana budurwa take ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa, har ta aurar da 'ya'ya ba a taɓa kama ta da tsarma ruwa a nono ba. Ba ta yawan rantsuwa. In ta ce na yau ne, to na yau ne, kuma masu saye sun san haka.

Ita ta riƙe Muzzammil, ɗan ƙanenta, bayan rasuwar mahaifinsa. Da ya gama jami'a ya dawo gida babu aiki, ganin ta da ƙwarya a ka ya dame shi. Ya kawo shawarar a riƙa zuba kindirmon a robobi, a manna takarda mai sunanta, a kai shagunan Kalgo masu firji, inda ɗalibai da matafiya suke saye.

Ya san mutanensa ba sa karanta sunan kaya, hoto suke kira: a ba ni mai zakara, a ba ni mai kifi. Akwai wani babban kamfanin madara da kowa yake ce wa mai farar saniya. Sai ya ɗauko hoton saniyar kamfanin a waya, ya juya kanta hagu, ya bar shuɗin launin da ke bayan hoton yadda yake, ya rubuta DIJE a ƙasa.

Goggo ta daɗe tana duban takardar.

"Saniyar wa ce wannan?"

"Taki ce mana, Goggo. Farar bokolon nan taki na ɗauka hoto."

"To ina tozonta? Ko jami'ar taku ta cinye?"

"Kwamfuta ce ta yanke shi."

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce kwamfuta ta san daɗin nama. Daga ranar duk wadda ta shigo gidan sai an nuna mata hoton saniyar Dije.

Kaya suka karɓu. Sannan wata safiya, ita da Muzzammil suna sauke robobi a shagon Hamidu da ke bakin tashar Kalgo, lauyan kamfanin ya iso da 'yan sanda. Ya ce tambarin nasu ne, yana da rajista, kuma mai sunan da ke jiki ita za ta amsa. Mutane suka taru.

Goggo ba ta razana ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Yallaɓai, wallahi tallahi saniyata ce. A hannuna aka haife ta. Ku zo Ceberu ku gan ta." Ta juyo. "Muzzammilu, faɗa musu."

Lauyan ya ɗora robar kamfaninsu kusa da tata a kan benci. Ido iri ɗaya, kunne iri ɗaya, babu tozo a duka biyun. Wani daga baya ya ce, "Ashe shanun Gwandu har Legas suke kiwo." Aka yi dariya. Muzzammil ya sunkuyar da kai.

Ba a kai kotu ba. An kwashe robobin, ta dangwala yatsa cewa ba za ta sake ba, ita da ba ta san abin da ta yi ba tun farko.

A mota suna komawa, sai da suka yi nisa ta yi magana, ba tare da ta dube shi ba.

"Ɗan nan, a kan saniyar wa na rantse?"

Ya faɗa mata. Ta gyaɗa kai kawai.

Ta koma ga ƙwaryarta da kasuwar Gwandu, amma labari ya riga ta zuwa. Ran kasuwar da ta wuce Muzzammil ya raka ta, yana tsaye a gefe wata tsohuwar mai sayen kindirmonta ta buɗe faifai, ta sansana, ta ce, "Dije, na yau ne?"

"Na yau ne."

"Rantse."

Goggo ta ɗebo a ludayi ta miƙa mata ta ɗanɗana.