Malama Zinatu da Bakanuwa

Shekara ashirin da bakwai Malama Zinatu ta yi tana riƙe da aji biyu a firamaren Mungadi. Rabin masu kai albasa kasuwar Aliero daga garin, ita ta koya musu baƙi da wasali, kuma ba ta bari su manta. Mace ce gajera mai murya kamar lasifika. In ta karanta layi ajin ya amsa gaba ɗaya, har masu wucewa gona sukan iya darasin.

Sai bara aka kawo wa makarantar kwamfutar hannu. Yaro zai karanta mata, ta saurara, ta ba shi kore ko ja. Muryar mace ce a ciki, da Hausar Kano tsantsa, shi ya sa tun ranar farko Malama ta raɗa mata suna Bakanuwa. Ba su taɓa shiri ba.

Ƙarshen zango Bakanuwa ta yanke hukunci: cikin yara arba'in da ɗaya, babu ko guda da ya iya karatu. Hedimasta Tukur ya kira Malama, yana ta sosa ƙeya, ya ce in abin bai canza ba za a karɓe ajin a ba ta kula da ɗakin ajiyar littattafai. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta wuni ba ta kula kowa ba.

Ran Talata aka turo mai horar da malamai daga Jega, a kan babur. Da ya cire hular kwano sai ga Muhsin, wanda Malama ta taɓa share wa hanci a wannan ajin.

"Kai anka turo ka koya min aikina?"

"A'a, Malama, kallo kawai na zo yi," ya ce yana rusunawa.

Ya zauna a baya. Aka rubuta "Kifi ya fi fara daɗi," yaran suka rera, "Kihi ya hi hwara daɗi." Bakanuwa ta ba da ja. Muhsin ya murmusa, ya karɓe ta ya karanta da kansa. Ja. Ya gyara murya ya sake, shi da digirinsa. Ja.

Malama ta yi dariya har da riƙe ciki. "To ga shi nan! Ba ɗiyana ba ne ba su iya ba, ita ce ba ta jin Hausa."

Muhsin ya yarda, ya ce zai rubuta a gyara wa na'urar kunne. Amma ya roƙi abu guda: a ajiye amsa kuwwa, a kira yaran ɗaiɗai, a nuna musu kalmomin a hargitse, Malama ta saurara da kunnenta, ita kuwa Bakanuwa ta riƙe sunaye kawai.

"Kira su. Hwara da Aliya, ita ce gwanata."

Aliya ta fito, mai zaman gaba, wadda muryarta ke danne ta kowa. Muhsin ya ɗora yatsa kan "daɗi." Ta ce "Kihi." Ya matsa kan "ya." Ta dubi bakin Malama tana jira, idonta ya kawo ruwa.

Yara talatin da biyar suka karanta tsaf. Shida ba su san ko baƙi ɗaya ba, baki kawai suke bi. Ajin dai ya tsira a hannun Malama, amma ko kaɗan ba ta ji daɗin nasarar ba.

Ta raka shi wajen babur tana cewa bana ce kawai aka samu haka, yaran yanzu wasa ya yi musu yawa. Muhsin ya daɗe yana gyara igiyar hularsa.

"Malama, ni ma sai aji huɗu na iya. Bakinki nike bi."

Ta tsaya tana kallonsa. Shi ne fa wanda take misali da shi shekara ashirin.

Washegari ta iso tun kafin a buga ƙararrawa, ta shimfiɗa tabarma ta zaunar da yaran nan shida, ta jingina Bakanuwa da bango. Ta nuna wa Aliya baƙi guda, sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a aji: ta rufe bakinta ta jira.