Mai Reza da Bugun da Ya Makara

Haihuwa da karatu

An haifi marigayi, wanda abokan sana'a suka fi sani da Mai Reza, a shekarar 1965, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa, mai gyaran rediyo da rikoda; mahaifiyarsa kuwa tela ce. Ya tashi tsakanin ƙaurin dalma da ƙarar keken ɗinki, ya kammala firamare a 1977, ya yi shekara biyu a sakandare, daga nan ya koma shago gaba ɗaya.

Farkon sana'a

A shekarar 1984 ya tsinci kaset marar suna a cikin wata rikoda da mai ita bai dawo ya karɓa ba. Wani makaɗi ne yake buga ganga shi kaɗai, kuma a kowane zagaye bugu na huɗu yakan ɗan makara, kamar mai tafiya yana jan ƙafa. Ya sa reza ya yanke daƙiƙa huɗu daga zaren, ya haɗe bakinsa biyu da salatif, ta yadda kiɗan zai riƙa zagayawa ba iyaka. Daga nan laƙabinsa ya samo asali, kuma a kan wannan guntu ne mawaƙan hip-hop na unguwarsu suka fara ɗora baitocinsu.

Aure da bunƙasa

Ya yi aure a 1990. Matarsa, mai sayar da yadi, takan leƙo ɗakin aikinsa ta ce, “Maigida, tun safe daƙiƙa huɗu kake ji. Sauran waƙar ɓera ne ya cinye?” A 1993 ya mallaki na'ura mai adana guntun sauti, a 2003 kuma kwamfuta, wadda da maɓalli ɗaya take jera kowane bugu daidai kan lokacinsa. Takwarorinsa duka suka rungumi wannan maɓalli. Shi ya ƙi taɓa shi. Makarar nan ta zama tambarinsa, har ake kiranta “jan ƙafar Mai Reza”.

Wannan yabo shi ne abin da ya hana shi sakat, domin ya san ƙafar ba tasa ba ce. Ya sha tambayar kansa ko wanda ya tsinci abu ya raya shi ya zama mai shi, ko kuwa ɗan ajiya ne da ya daɗe. Tun daga 2005, duk hirar da aka yi da shi a rediyo sai ya saka guntun ya yi cigiyar makaɗin.

Bayyanar mai ganga

A watan Maris na 2012 wata malamar makaranta ta yi sallama a situdiyonsa ta ce gangar mahaifinta ce. Ta bayyana cewa ya taɓa karyewa a wuyan hannu, ƙungiyarsu ta makaɗa ta sallame shi saboda wannan makarar, kuma kaset ɗin na atisaye ne da yake yi a gida ko zai shawo kanta. Bai sake kiɗa a bainar jama'a ba har ya rasu. Mai Reza ya gane cewa aibin da bawan Allah ya ɓoye shi ne ya shekara ashirin da takwas yana yayatawa. Ya ba ta haƙuri, ya ce nan take zai danna maɓalli ya daidaita bugun.

“In ka daidaita, Malam, gangar wa ka bar mini?” in ji ta. “Da wannan nake gane Baba. An ce hannunsa ya lalace, amma jiya a bas aka sa kiɗan, na ga direba yana gyaɗa masa kai.”

Tun daga ranar, sunan makaɗin ne yake gaba da nasa a jikin kowane faifai, kuma iyalinsa sun shaida cewa shekarun da suka biyo baya su ne mafi natsuwa a rayuwarsa.

Rasuwa

Ya rasu a watan Yuli na 2021 bayan gajeriyar jinya, yana da shekara hamsin da shida, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Bisa wasiyyarsa, an miƙa wa malamar ainihin kaset ɗin, da giɓin daƙiƙa huɗu a tsakiyarsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: babbar, ma'aikaciyar jinya, na tsakiya, makanike, sai Auta, wadda ta gaji situdiyon, kuma har yau bugu na huɗu yana makara a hannunta.