Filayar da Na Ce Yayana Ne Ya Aiko

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula muka tare a gidanmu na bayan Ƙofar Kaura, ana dab da faɗuwar damina. Ɗaki biyu ne da zaure, ba fenti, madafi ma buhu muka rataya a ƙofarsa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne. Ya daɗe yana tara bulo kaɗan-kaɗan kafin ginin ya tashi, shi ya sa ba ya son kowa ya taɓa masa komai a ciki.

"A gidan haya ne ake jiran mai gida," in ji shi. "Nan kuwa ni ne mai gidan."

Sai dai hannunsa na alli ne, bai san ƙarfe ba. Dutse ne gudumarsa, wuƙata ta yanka kuɓewa ita ce sukudirebarsa. In waya ta ƙi lanƙwasuwa, haƙori yake sa mata. Wata safiya yana ɗaura wayar shanya, na ji ƙas, na juyo na gan shi dafe da baki. Gefen haƙorinsa na gaba ya ɓantare.

Na ce, "Malam, da an kira mai gyara."

Ya wuni shiru, tuwon dare ma loma kaɗan ya yi ya ture kwanon. Wayar kuma ya bar ta a yashe a gindin katanga. A ranar na gane cewa maganata ta fi haƙorin yi masa ciwo.

Ina ɗinkin hula a lokacin, ina da ɗan abin da na ajiye. Ranar da na je gaida mahaifiyata a Ƙofar Durbi, na biya ta kasuwa wajen masu kayan ƙarfe. Ban taɓa shiga layin ba. Na tsaya gaban wani dattijo mai furfura da ya baza kwaɗo da ƙusoshi a kan buhu. Muka gaisa, ya tambayi gida da yara, sannan na ce filaya nake so.

Ya jero mini guda uku. Na nuna mai jan hannu, mai ƙyalli. Da ya faɗi kuɗinta sai na janye hannuna.

"Baba, ai an ce in farar hula suka hau kaya za su sauko."

"Sun hau, ɗiyata, amma filaya ba ta da rediyo, ba ta ji labari ba." Ya yi dariya, ya dube ni. "Maigidan makanike ne?"

"Malamin makaranta ne."

"To mi zai yi da wannan? Ta masu gyaran wuta ce, masu aiki da ita tun safe har magariba. Malam sau nawa zai ɗauka? Ya ciro ƙusa, ya murɗe waya, ya aje sai wani watan. Kada ki sai mashi doki alhali jaki yake buƙata."

Ya ɗauko ta araha, baƙa, ba ado. Ya rufe bakinta ya ɗaga ta saitin rana, ya ce in leƙa. Haske na ratsowa ta tsakanin haƙoranta. Ya jefa ta gefe, ya ɗauko wata irinta, ita ma ya jefar. Ta uku ce bakinta ya haɗu ruf. Ya miƙo mini ya ce in buɗe in rufe da hannu ɗaya, in ji ko tana sagewa ko tana kwalkwal. Ya ba ni guntuwar waya na datse. Ya murza robar hannun ya ga ba ta zamewa.

"Cikin na araha ma akwai na Allah," ya ce. "Sai dai a yi haƙurin dubawa. A riƙa ɗiga mata man keke, kuma kar a mai da ta guduma."

Ban san sunan dattijon nan ba, ban sake ganinsa ba. Har yau ina sa shi a addu'a.

A hanya ne tsoro ya kama ni. In na miƙa wa Malam filaya da hannuna, kamar na sake ce masa bai iya ba ne. Na yi ta juya abin har ƙofar gida. Da ya dawo daga makaranta ya ci abinci, na durƙusa na ajiye ta gabansa, naɗe a takarda.

"Yaya ne ya ce in kawo maka. Wai ta sabon gida."

Ya warware, ya juya ta, ya buɗe ya rufe. Fuskarsa ta washe yadda ban gani ba tun ranar haƙorin. Ya sa hannu a aljihu ya ba ni tukuici, kamar yadda ake ba duk wanda ya kawo saƙo. Na karɓa da hannu biyu, kunya kamar ƙasa ta tsage.

"Jumma'a in an sauko zan tahi in yi mashi godiya," ya ce.

Wannan ne ban lissafa ba. Mutum irin Malam ba a yi masa alheri ya zauna. Ba ni da hanyar sanar da yayana, don na riga na je gida a makon, ba dalilin da zan kawo na sake fita. Kwana biyu na yi ina ƙona miya.

Ranar Jumma'a ya dawo bayan la'asar, ya jingine kekensa, ya zauna a tabarma. Na kawo ruwa. Ya sha a hankali.

"Yayanki na gaishe ki."

"Ina amsawa."

"Na ce mashi na ga saƙo, Allah ya saka da alheri. Ya ce haba, ba komai, ai an zama ɗaya." Ya ajiye kofin. "Sai ya ce in ta yi mani kaɗan a wuya, in kai wa tela ya buɗa."

Na sunkuyar da kai. Yayana ya so ya rufa mini asiri, ya ɗauka riga ce.

"Mi ka ce mashi?" na tambaya.

"Na ce ta yi mani cif, kamar an gwada."

Ina jiran shirun nan nasa ya dawo. Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, yana kare baki da hannu saboda haƙorin. Da ya tsagaita, ya gyara zama ya fuskance ni, ya yi mini godiya cikakkiya irin wadda ake yi wa manya, har da addu'a ga iyayena. A zamanmu duka ban taɓa jin nauyinsa kamar ranar ba. Bai tambaye ni dalilin ƙaryar ba, a ranar ko bayanta, har Allah ya karɓi abinsa.

"Wa ya zaɓa?" ya ce.

"Ni, da wani tsoho a kasuwa."

"Ya nuna maki yadda ake datse waya?"

"Ya nuna mani."

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"To taso ki nuna mani tun rana ba ta faɗi ba."