Sista Atika da Hannun Bawa Barunje

Kafin rana ta fara gasa Sakkwato, Sista Atika Malami ta riga ta sauka daga keke a ƙofar asibiti, ta buɗe ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda, ta jawo benci zuwa inuwa. Ɗakin masu zugi ake ce masa. Nan ake turo waɗanda rauninsu ya warke amma ciwon ya ƙi tafiya, kamar mai ciwon suga da tafin ƙafarsa ke ci da wuta, ko wanda ya faɗi da babur tun bara har yau kafaɗa ba ta yi shiru ba. A kabad ɗin da ke bayan kujerarta akwai mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfin gaske wanda sai likita ya rubuta ake bayarwa, makullin kuwa yana wuyanta a ƙarƙashin hijabi. Ƙarshen watan nan za ta miƙa shi ta yi ritaya, bayan shekara talatin da 'yan kai. In ba a faɗa ba, gari ba zai san wadda ta tashi daga kujerar nan ba.

Abu na farko da ta gane a aikin shi ne halinmu. Basakkwace ko yana mutuwa, ka ce masa yaya jiki, "da sauƙi" zai ce maka, ya ƙara da godiya ga Allah. Shi ya sa bayan gaisuwa ba ta ɓata bakinta da wannan tambaya. Sai ta ce, "Baba, ka iya sa takalmi yau? Ka kai goshi ƙasa, ko zaune kay yi salla?" Daga nan take auna ciwo, ta shiga ta faɗa wa likita. Ba ta da yawan dariya, kuma wanda ya zo da ƙaryar ciwo don a ba shi abin da zai bugu, kallo ɗaya take masa ya fara gyara zama. Amma ko shi ba ta kora haka nan, sai ta haɗa shi da masu taimaka wa irinsa.

Masu aiki tare da ita suna da labarai da yawa, amma wanda kowa ke fara kawowa shi ne na Malam Bawa, barunje daga Runjin Sambo, mahaucin da ya gaji wuƙa daga kakanni. Wata safiya a kwata, ana ƙoƙarin kayar da wani bijimi, igiya ta naɗe masa hannun dama, san ya fizga. Mai ɗori ya gyara ƙashi, fata ta haɗe, amma hannun ya koma ci da wuta dare da rana. An yi ƙaho, an yi tofi, an shafa abin da aka shafa. Da ya zo asibiti, Dakta Jibrin ya fara shi da magungunan jijiya, don su ake fara gwadawa kafin a taɓa kabad ɗin nan. Bawa kuwa ya fi ƙarfin tambayoyin Sista, duk abin da ta jefa masa sai ya ce alhamdu lillahi. Ita dai ta lura cewa ya farke hannun rigarsa na dama tun daga kafaɗa, don ko ƙyalle ba ya iya bari ya taɓa shi.

Ana cikin kwanakin gyara masa magani, wata rana sai ga matarsa Sadiyatu ita kaɗai, ta durƙusa gaban teburin Sista.

"Sista, ki taimake ni. Malam ya ce ma ƙanenai Nura shi zo ran Asabar shi yanke mai hannun ga. Wuƙa ma ya wasa, da idona nig gani."

Da aka tashi aiki Atika ba ta nufi gida ba. Ta bi Sadiyatu cikin zafin la'asar, ta iske Bawa a zaure, ya ɗora hannun a kan matashi ya kau da kai daga gare shi. Da ta tambaye shi bai musa ba, bai kuma ji kunya ba.

Ya ce, "Sista, mu rundawa na. Nama in ya ɓaci wuri guda, ɗebe wurin mukai, sauran shi yi kyau. Likita ya ce ba shi yankewa, to mu mun iya."

Wata da faɗa za ta rufe shi. Ita kuwa ta zauna a bakin tabarma, ta yi masa magana da abin da ya fi kowa sani.

"Malam Bawa, in ka hiɗe ƙahwar sa ta gaba, ba ka ganin wani hwarin zare da ka tasowa tun daga wuya?"

"Ina gani. Jijiya ta."

"To ita igiya taj ja maka. Wutar can sama take, ga hannu kawai kaka jin ta. In Nura ya yanke, hannu ya tahi, zugi shina nan. Na ga wanda anka yanke ma ƙahwa shina kukan babban yatsa."

Sai hawaye ya zubo wa Bawa. Daga baya Sadiyatu ta ce tun da take da shi ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Atika ba ta tashi ba sai da ya yi alkawarin zuwa asibiti da safe, wuƙar kuma ta sa aka kai ta gidan Sarkin Fawa ajiya.

Da safe ta zayyana wa Dakta Jibrin komai, ya sake duba Bawa, ya yanke shawarar ƙara masa mofin kaɗan a kan maganin jijiyar. Nan kuma wata rigimar ta tashi.

"Ƙwaya za ku ba ni? Ni da nik kori yara daga kwata saboda tiramol?"

Ta ce, "Danginsu guda, ba ni ɓoye maka. Amma wanga likita ka auna shi, ni ka tsare shi. Ba shi kashe wutar duka, rage ta shikai. In mun ga ba shi amhwani, ko ka samu kanka, janye shi mukai sannu-sannu."

Ke ce, Atika, ba ki taɓa yi wa majinyaci alkawarin abin da magani ba zai iya ba. Ke ce kika damƙa kwalbar mofin ɗin a hannun Sadiyatu, kika ce ta kulle ta a akwati, kada yara su gani, kada a sam wa maƙwabci ko da kuka ya zo, alhali kin san a garin nan hana maƙwabci magani abin kunya ne. Kika hana Bawa wuƙa da babur muddin yana gyangyaɗi. Da cikinsa ya ɗaure, kika sa aka riƙa yi masa zogale da ruwa mai yawa, aka haɗa da maganin da likita ya ƙara. Kika sa aka cika ƙwarya da gero, kullum ya riƙa tsoma hannun a ciki yana juyawa, har fatar ta sake koyon a taɓa ta.

Ba a rabu lafiya lau kullum ba. Da babbar salla ta matso, aiki ya yi yawa a kwata, Bawa ya zo ya ce a ninka masa maganin ya samu ya yi yanka. Ta ƙi kai maganar yadda yake so, ta shiga da shi gaban likita, su biyu suka ce a'a. Ya fita bai yi sallama ba, ya yi ta faɗa a unguwa cewa matar nan ba ta da tausayi. Maganar ta kai kunnenta, kuma ta yi mata zafi, don mutum ce. Amma ranar zuwansa ta gaba ta ajiye masa wurinsa a benci, ya kuwa zo yana sunkuyar da kai.

Yau Bawa ba ya kayar da bijimi, wannan ya wuce. Yana da teburinsa a kasuwa, yana yanka nama yana aunawa da hannun dama. An janye mofin a hankali har aka daina, ya rage maganin jijiyar kawai. Zugin bai tafi duka ba, ranar sanyi yakan tuna masa da kansa, amma rigarsa hannu biyu gare ta.

Mun gode, Sista Atika, uwar masu zugi. Muna alfahari da ke, kuma muna faɗa da babbar murya tun kina ji. 'Yan mata da samarin da ke sa farin kaya yanzu, ga hanya nan: kada tsoron ƙwaya ya sa ku bar mai ciwo yana ƙonewa, kada tausayi kuma ya sa ku sakin makulli. Mu kuma da ke kai iyayenmu asibiti, mu riƙa faɗin gaskiyar abin da muke gani a gida, ko da su sun ce da sauƙi.

A makon jiya abokan aikinta suka yi mata ɗan taron ban kwana a ƙarƙashin dogon yaron asibiti. Aka ce ko cikin majinyata akwai mai magana. Bawa ya miƙe. Sai ya ɗaga hannun dama sama ya dunƙule ya jinjina mata. Yatsu biyu ba su lanƙwasu ba, amma bai sauke ba sai da ta ce, "Ya isa, Malam Bawa, na gani."